Tafin Hannu a Soron Damagaram

Sau biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin Barira ba ta son a tada zancen nan. Amma ga shi dai.

A zamanin da Turawa ke awon gyaɗa a Bici, mahaifinta Mika'ilu magini ne a wani ƙauye kusa da Makoda. Yatsunsa na dama huɗu ne, gatari ya ɗauke ƙaramin tun yana yaro. In ya gama yaɓe sai ya danna tafinsa a gindin bango, kowa ya san aikinsa ne. Wata shekara ya tafi cin rani arewa, daga nan babu shi babu labarinsa har shekara shida.

A ta bakwai Barira ta raka gwaggonta Turai Damagaram, ƙasar da ke hannun Faransa, neman maganin ido. Suka sauka gidan wani Babarbare, Madu, da matarsa Falta, wadda ta riƙe Barira kamar 'yar cikinta.

Ana gobe za su koma, Falta ta ce, "'Yar Kano, ki zo har nan ki tafi ba ki ga soron zane ba? Ai sai a yi miki dariya a garinku. Tashi mu je."

Barira ta sha jin labarin soron nan a bakin fatake. Na wani attajiri ne. Da ta tsaya gabansa sai ta ɗaga kai tana kallo. Tun daga ƙasa har zankwaye zane ne, dagi cikin dagi, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, sai ka ce an ɗinka wa bango babbar riga. Mata masu tulu suna ta shiga ta ƙaramar ƙofa da ruwan kwaɓa ƙasa. Wani ƙato da kulki yana zaune a bakin zaure.

Kunyar haɗa ido da shi ta sa Barira ta sunkuyar da kai. A nan ta ga tafin hannu a gindin bangon, yatsu huɗu. Ta bi bango da ido, ga wani, ga wani. Na ƙarshe yana jikin sabon yaɓe, ko bushewa bai gama ba. Yatsu uku.

Ta juya ga Falta. "Inna, ina maginin?"

Falta ta mintsine ta. Mai kulki ya ɗago kai.

"Me yarinyar ta ce?"

"Baƙuwa ce, ranka ya daɗe, ƙishirwa take ji," in ji Falta, tana janta.

Sai da suka wuce lungu biyu Falta ta buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa. "Mai gidan ya rantse ba za a yi wa kowa irin wannan zane ba. Maginin ba ya fita. Bara ya haura katanga aka kamo shi, aka sare masa yatsa ɗaya. An ce in ya sake, hannun za a ɗauke gaba ɗaya. Ke da za ki tafi gobe, ina ruwanki?"

Barira ta bi ta suka koma gida. Tuwon da aka ba ta ma ba ta taɓa ba.

Da gari ya waye aka ɗaura wa jakuna kaya. Barira ta taimaki gwaggonta ta hau, ta ce mata, "Ki gaya wa mahaifiyata Baba yana da rai." Sannan ta naɗa gammo, ta ɗauki tulun Falta ta cika a rijiya, ta shiga layin matan da ke bi ta ƙaramar ƙofar gidan attajirin.