Ranar da Ruwa Ya Bar Don Erasmo a Laka

Don Erasmo Chiguay ya kashe injin jirginsa tun kafin ya kai gaci, ya bar shi ya silale ya daki yashi a hankali. Baƙi biyu ya ɗauko daga garin Castro, mata da miji 'yan Santiago, da takalman da ba su taɓa sanin laka ba. Mijin, Patricio, tun a hanya yake ɗaukar hoton duk tsuntsun da ya gifta. Matar, Ximena, ta sha amai har ta gode Allah, yanzu ta farfaɗo tana tambayar ina cocin.

Ina kuwa zai kasance? Ga shi can kan tudu inda kakanni suka kafa shi, katako ne tun daga ƙasa har hasumiya, shuɗin fentinsa ya koɗe saboda ruwan sama.

Gaskiyar magana, ba don baƙin ya zo tsibirin Linahue ba. Saboda Doña Eduvina Barría ya zo, mai riƙe da makullin cocin. Ran Lahadi za ta bar tsibirin ta koma Puerto Montt wurin 'yarta Marlene, wadda ta riga ta gyara mata ɗaki a saman bene. Abin haushin ma, shi aka ce ya zo ya kwashe mata kaya. Tun da matarsa ta rasu, ita ma mijinta ya bi, yake jigilar baƙi zuwa ƙofarta, har waɗanda ba su nemi ganin coci ba. Mutum zai ce kamun kifi ya zo, sai ya tsinci kansa a gaban waliyyai. Yana sonta, kuma kowa a tsibirin ya sani, har tumaki. Bakinsa ne kawai bai taɓa yarda ya faɗa ba.

Yau dai ya shirya. Baƙi su zagaya, su fita ɗaukar hoto, shi kuma ya tare ta a bakin ƙofa tana kullewa ya amayar da abin da ke cikinsa. Sai dai a yi sauri, don ruwan teku, mai cika da janyewa kullum, ya fara juyawa, kuma idan ya janye a wannan gaci ba ya yi wa kowa sallama.

Ya same ta a bayan gida tana haƙar dankali. Ta goge hannu a zanen gabanta, ta dubi baƙin, ta dube shi.

"Don Erasmo, ka aske gemu. Wa ya mutu?"

Ya ce babu kowa, zafi ne. Ta ɗaga kai ta kalli sararin sama da ke tsatsafi. Ta ciro makullin daga cikin tukunyar da take ɓoye shi, suka hau tudun.

Jawabin nata ya haddace shi sarai. Masu sassaƙa jirgi ne suka gina cocin, shi ya sa rufin ciki yake kamar jirgin da aka kife. Ba ƙusa a manyan ginshiƙan, itace ne ya shiga itace. Fada, limamin coci, ba ya zuwa sai lokacin idi, sauran shekara mutanen gari ne ke karanta addu'arsu, su binne mamatansu. A nan ta saba tsayawa ta nuna akwatin sadaka da haɓa, a watse.

Yau ba ta tsaya ba. Ta buɗe tsohon akwatin da ake ajiye tufafin mutum-mutumin waliyyai, abin da bai taɓa ganin ta yi wa baƙo ba, ta shiga fito da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan alkyabbar wance ce ta ɗinka da ɗanta ya tsira daga hadari. Wannan gashin da ke kan Budurwa Maryamu na gaske ne, wata yarinya ta yanke nata ta bayar, yanzu tsohuwa ce tukuf, kuma ba ta da kirki. Ximena ta kusa yin kuka don daɗi. Patricio ya durƙusa yana ɗaukar hoton maɓalli.

Erasmo ya leƙa ta taga. Duwatsun bakin gaci sun fara fito da kai. Ya yi tari. Ya sake yin tari.

"Idan mura ce, Don Erasmo, akwai zuma a gida," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

Ya ce a'a, maganar ruwa ce. Ta ce ai coci ba wurin gaggawa ba ne, mutane sun taso daga uwa duniya, a sallame su da rabin labari? Patricio ya goyi bayanta da zafi, kamar shi zai tura jirgin. Daga nan ta tambaye su ko suna son hawa hasumiya. Hasumiyar da ko jikokinta ba ta bari su taka! Suka hau tsani mai kuka, ita a gaba, tana ba su tarihin ƙararrawa da na mutumin da ya faɗo daga can ya karye a ƙugu, da na matar da ya aura daga baya.

Da suka sauko, jirgin yana kwance a gefe guda cikin laka kamar saniyar da ta ƙoshi, ruwa kuwa ya yi nisa. Mutumin da aka haifa a cikin jirgi, gashinsa ya yi fari a kan teku, yau ruwa ya tafi ya bar shi. Masu tonon kawa, naman ƙwanso da ake samu a lakar teku, sun riga sun taru. Wani ya tambaye shi ko dankali zai shuka a ciki. Wani ya ce a kawo shanu a ja masa shi har Castro, tun da ya manta sana'a. Erasmo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san wannan labari zai riga shi isa kowane tsibiri.

Ba yadda za a yi sai jiran ruwa, kuma a Linahue ba a barin baƙo a waje. Doña Eduvina ta kai su ɗakin girki, ta ƙara itace a murhu, ta soya wainar dankali da kitsen alade. Baƙin suka ci suka yi nak, sannan suka fita ɗaukar hoton jirgin da ya kwanta a laka, wanda Patricio ya ce ya fi cocin ma kyau.

Suka rage su biyu. Akwatunan kwali jere a jikin bango, an ɗaure su da igiya. Erasmo ya zuba musu ido, zuciyarsa ta yi nauyi. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambaya ko murhun ma za a tafi da shi, don ya san yadda zai loda.

Ta ajiye cokali.

"Erasmo, a bakin ruwan nan aka yanke mini cibiya. Kana tsammanin ban san lokacin da yake janyewa ba? Na hau hasumiya da wannan gwiwar tawa, na zubar maka da mutunci a gaban masu kawa, duk don ka zauna wuri ɗaya. Shi ne za ka yi mini zancen murhu?"

Kunnuwansa suka yi ja. Duk jawabin da ya tsara a hanya ya bi ruwa. Abin da ya rage masa kaɗan ne, shi ya faɗa, yana kallon takalminsa.

"Kada ki tafi, Eduvina."

Ta ce tun da aka fara maganar tafiyar nan kowa sai ya ce Allah ya kiyaye hanya, wasu har sun fara tambayar wa za ta bar wa kaji. Ba wanda ya ce ta zauna, ita kuwa ba za ta roƙi kowa ya faɗa ba. Ta share ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne.

Ya tambaya a hankali ko ke nan ta fasa.

"Na fasa. Amma Marlene ta sayi gado da labule, kuma ka san bakinta. Ba ni zan gaya mata ba."

Ta ciro waya daga aljihu, ta danna lambar Marlene, ta tura masa a kan tebur. Don Erasmo ya ratsa hadarin da ya sa matasa kiran iyayensu mata, ko gezau bai yi ba. Yanzu sai da ya tallafi wayar da hannu biyu. Tana ta ƙara a can Puerto Montt, shi kuwa yana addu'a a zuci kada a ɗauka.

Aka ɗauka.