Mutanen Ɗakin Wuta

Shekara ashirin Abdulghani bai taka bakin tashar jiragen ruwa ba, ko da yake daga teburin da yake sayar da ful, wato dafaffen wake, a unguwar Nuzla ta Jidda yana jin kukansu in iska ta juyo. Haifaffen Bur Sudan ne, iyayensa Hausawa da suka yada zango can a hanyar Makka. Lokacin babban yaƙin Turawa shi da ƙanensa Saleh suka kama aiki a wani jirgin kaya, can ƙasa a ɗakin wuta, inda ake zuba kwal a tanderu. Su goma sha biyar ne, duk baƙaƙen fata.

Wata safiya, kwana biyu da barin tashar Adan, teku ta kwanta lafiya lau. Lokacin canjin aiki ne, masu tashi da masu kamawa duk suna ciki. Ba wanda ya ga komai. Jirgin ƙarƙashin ruwa ya sako musu makami ta gefen hagu, ƙarfe ya tsage, ruwa ya haɗu da wuta, tururi ya turnuƙe ɗakin. Da suka ruga ƙofa, suka tarar an datse ta daga waje, wai don kada ruwa ya bi sauran jirgin. Abdulghani da wani ɗan Kasala mai suna Na'ibi suka kutsa ta bututun iska suka fito, fatar tafinsu ta saɓule a jikin ƙarfe. Duk da ƙofar da aka datse, jirgin ya nutse kafin a yi walaha. Saleh da sauran goma sha biyu suka tafi da shi.

To, a shekarar 1962 sai ga Hamad a gaban teburin ful. Hamad jikan mahajjata ne, haifaffen Jidda, magatakarda a ofishin wakilin kamfanin jiragen da ke Balad, tsakiyar gari.

"Ya ammi, baffana, mudir shugaban ofishinmu ne ya aiko ni. Ran Laraba shekara ashirin cif da abin da ya faru. Za a buɗe allon tagulla na waɗanda suka rasu. Ya ji akwai ku biyu a garin nan, yana so ku zo."

Na'ibi, wanda ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya ce ko da yana da lafiya ba zai je ba. Abdulghani ma da ya ƙi, sai dai maganar ta kai kunnen Mastura, matar Saleh. Ta daɗe da yin wani aure, ta haifi huɗu, ta yi jikoki, amma har gida ta same shi.

"Yaya, ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. In an rubuta sunansa a wani wuri, ina so in tsaya a gaban wurin."

Ran Laraba bayan la'asar suka je. An jera kujeru a farfajiyar ofis, Turawa kamar goma, da wasu 'yan kasuwar gari. Mastura ta tsaya a bakin ƙofa cikin mayafinta. Aka ba Abdulghani kujera a gaba, mai hoto ya gyara masa zama, har ya roƙe shi ya buɗe hannuwansa a kan cinya don tabon ya fito.

Mudir Bature ne saurayi, da wuya in ya kai shekara goma lokacin yaƙin. Ya yi jawabi, ya ja ƙyalle, ya soma karantawa. Abdulghani ba ya jin Turanci sosai, amma yana gane suna in an faɗa. Kyaftin. Babban injiniya. Mai wayar iska. Bakwai ya ƙirga. Sai mudir ya karanta wani gajeren layi, ya sunkuyar da kai.

"Hamad, me ya ce a ƙarshe?"

"Halas, ya ammi, an gama."

"Na tambaye ka me ya ce."

Hamad ya dubi ƙasa. "Ya ce, da wasu ma'aikata 'yan ƙasa."

Abdulghani ya miƙe, kujerar ta faɗi baya.

"Wasu? Wasu su wa? Awaki ne aka lodo daga tashar Barbara?" Da Larabci yake yi, yadda kowa zai ji. "Na biyu da ka karanta, na san shi. Shi ya sa aka datse mana ƙofa! Da kunnena na ji ana murɗa ƙarfen, ƙanena yana dukanta da shebur yana kiran sunansa. Shi an zana shi a tagulla, wanda ya mutu yana dukan ƙofar kuma ya zama wasu! Wanda ya harbe mu daga ƙarƙashin ruwa bai san mu ba, bai taɓa ganin fuskarmu ba. Ku fa? Shekara uku muna hura muku wuta!"

Wani ɗan kasuwa ya kama masa hannu yana cewa ya yi salati. Ya fizge.

"Ka kira ni in buɗe hannu a ɗauki hoto? Ga shi, ɗauka!"

Mudir ya yi jajir. Ya saurari Hamad yana fassara masa abin da ya kuɓuce masa, sannan ya yi abin da Abdulghani bai zata ba. Ya ciro alƙalami da takarda daga aljihu, ya ce cikin karyayyen Larabci, takardun jirgin sun nutse da shi, ba wanda ya ba shi sunaye. In dattijo ya sani, ya faɗa, zai rubuta.

"Rubuta. Saleh ɗan Isiyaku, na Bur Sudan."

Daga bakin ƙofa aka ji Mastura ta ja numfashi.

"Usuman Dogo. Garba mai sallah da daddare. Abubakar na Sawakin da ɗan'uwansa Haruna. Tanko. Jibo. Ɗan'azumi. Adamu Bafillace."

Sai ya tsaya. Tara ke nan. Yana ganin fuskokin sauran huɗun sarai, har giɓin ɗaya da yadda wani ke ɗaura tsumma a ka, amma sunan ya ƙi zuwa. Alƙalamin mudir yana tsaye a kan takarda. Kowa na jira. Abdulghani ya buɗe baki ya rufe. Fushin da ya taso da shi bai huce ba, sai dai yanzu ya rasa wanda zai fuskanta da shi. Ya fizge takardar daga hannun mudir, ya fita bai yi sallama da kowa ba.

Da ƙafa ya koma Nuzla, bai ko tuna ya baro Mastura ba. Ya faɗa ɗakin Na'ibi ya same shi jingine da bango.

"Su wa na manta? Faɗa mini, don Allah, kafin in yi wa kaina wani abu."

Na'ibi ya sa ya maimaita taran. Ya yi tari mai tsawo. "Ka bar Musa Zabarma. Ka bar Idi, wanda kuka yi faɗa a kan buta. Da Barau."

"Saura ɗaya. Mai giɓin nan da ya hau a Adan."

"Bornawi muke ce masa."

"Wannan ba suna ba ne."

"Kwana biyu ya yi da mu, Abdulghani. Wa ya tambaye shi?"

Abdulghani ya doki tabarma da tafin hannu har ƙura ta tashi. "Mu ma ke nan! Mu ma ba mu tambaya ba!"



Washegari Hamad ya zo ya rubuta sunayen tsaf, ya kai ofis. Mudir ya yi alkawarin aikawa ƙasarsu a zano sabon allo. Bayan wata biyar aka mai da shi wata tashar, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Sau uku Abdulghani yana zuwa, a na ukun mai gadi ya hana shi shiga, ya tsaya a titi ya zazzage su tas har jama'a suka taru.

Na'ibi ya rasu kafin aikin hajjin shekarar. Mastura ce ta karɓi kwafin takardar ta kai wa limamin masallacin unguwa, ta roƙe shi duk shekara in ranar ta zagayo a karanta bayan la'asar. Da liman ya zo kan na goma sha uku ya tambaya yadda zai kira shi, Abdulghani ya ce a ce bawan Allah mutumin Borno da ya hau jirgi a Adan. Haka aka riƙa yi. Shi dai bai taɓa zama har a shafa fatiha ba. Da an kai wurin sai ya ɗauki takalmansa ya fita, yana magana shi kaɗai, yara su dare su ba shi hanya.