Tukwanen Da Ba Sa Cikin Takarda

Shekara talatin da 'yan kai Inna ta yi tana ginin tukwane, kuma daga rami ɗaya take ɗebo yumɓu, a gangaren bayan tsohuwar masana'antar narkar da batura. Masana'antar ta daɗe a rufe, amma ta bar gubar dalma a ƙasa. Sai da yaran ƙauyen suka yi ta ciwo aka zo aka auna, aka ce ramin ya fi ko'ina guba.

Da gwamnati ta ware kuɗin gyaran ƙasar, wata jami'a ta bi gida-gida da fayil a hannu. Ta ɗebi ƙasar tsakar gidan Inna a 'yar leda, sannan ta leƙa ɗakin ajiya. Randuna ne da tuluna da kasake jere har kusa da rufi, wasu gasassu, wasu ɗanyu.

"Mama, duk da yumɓun ramin kika yi su?"

"To da na ina zan yi, 'yar nan?"

Jami'ar ta rufe fayil ɗin. "Kada ki sayar, kada ki ba kowa. Kada ki fasa kuma, ƙurar ta fi komai illa."

"In kai su bola?"

"A'a, yara na wasa can."

"To in yi yaya da su?"

"Masu aiki na zuwa. Ke dai kada ki yi nisa, duk gidan da aka zo ba a samu mai shi ba, tsallake shi za a yi."

Wata huɗu Inna ba ta wuce bakin titi ba. Ɗanta da ke birni ya yi ta kira a waya ta zo ta huta, tana cewa sai masu aiki sun zo. Da safe takan share tsakar gida bayan ta yayyafa ruwa kamar yadda aka ce, sai ta zauna ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Ana nan mutane suka fara dawo da tukwanen da suka saya a wurinta. Ba wanda ya yi mata faɗa. Sai dai ta buɗe ƙofa ta tarar da randa a jingine da bango, ta kuwa san gidan da ta fito, don ta gane zanen bakinta. Wata maƙwabciya ta kawo tulun da ta yi shekara tara tana shayar da 'ya'yanta da shi, ta ajiye, ta ce, "Yaya, ba laifinki ba ne," ta juya da sauri. Inna ta shigar da shi ɗaki. Da ɗakin ya cika, ta fara jerawa a bayan gadonta.

Ranar da katafila ta iso, Inna ta fito har da gyara ɗaurin ɗankwali. Aka kankare tsakar gidan zurfin kamu biyu, aka loda ƙasar a tifa. Ta tare direban katafilar, ta nuna masa ɗakin.

Ya sauke ƙyallen hancinsa ya leƙa. "Kai, Gwaggo, kasuwa guda kika ɓoye a nan! Amma ni ƙasa aka ce in kwashe."

"Su ɗin da mene ne aka yi su? Da auduga?"

Ya yi dariya, ya kira jami'ar. Ta buɗe takardunta, ta bi su layi-layi da yatsa har sau biyu.

"Mama, kuɗin na gyaran ƙasa ne. Babu tukwane a ciki. Inda ake zubar da ƙasar ma ba za su karɓa ba."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da ɗanyen tulu, ta ajiye a ramin da aka kankare, ta sheƙa masa bokitin ruwa. Ya saki, ya zube, ya koma laka.

"Wannan fa?"

Jami'ar ta dubi direban. "Wannan ƙasa ce," in ji ta a hankali.

Har la'asar Inna na fito da ɗanyun tana jiƙawa, direban na kwashewa. Gasassun kam ko kogi aka zuba musu ba za su narke ba, kuma su ne suka fi yawa. Jami'ar ta ce za ta rubuta wa ofis, wataƙila a sa su a kasafin baɗi. Aka zuba sabuwar ƙasa mai yashi, aka daddaɓe, Inna ta dangwala yatsa a takarda, motocin suka wuce gidan gaba.

Da yamma ɗanta ya kira.

"Inna, na ji an gama. Gobe zan zo in ɗauke ki."

"In na tafi, wani zai ɓalle kwaɗon ɗakin nan ya kai tukwanen kasuwar wani gari. Can wa ya san da guba a jikinsu?"

"To har yaushe za ki zauna gadinsu?"

"Sun ce baɗi."

"Wace baɗin, Inna?"

Ta ce masa cajin wayar ya kusa ƙarewa. Ta ɗaure makullin a gefen zaninta, ta jawo tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin.