Awon da Murja ta ƙi sa wa hannu

Jijiyar zuciyar Baba Salihu ta sake toshewa, a daidai wurin da aka sa masa ƙarfen da ke buɗe ta. Dakta Fahad, likitan zuciya, ya ce saura dabara ɗaya: a zura siririyar roba cikin jijiyar, a tura wasu 'yan ƙwayoyi masu fitar da radiyeshan, kamar tsabar shinkafa, su ɗan zauna su kashe naman da ke tsirowa. In ƙarfinsu ya gaza, aikin banza. In ya wuce kima, jijiyar ce za ta ƙone.

Mai auna ƙarfin ƙwayoyin a duk asibitin nan na Makka mutum ɗaya ce, Murja, 'yar farin Baba Salihu.

Ta ɗora su a kan wata takarda ta musamman da ke yin shuɗi gwargwadon ƙarfin da ta sha. Shuɗin ya fi yadda ya kamata duhu. Ta sake, haka dai. Ko ƙwayoyin ne suka fi abin da kamfani ya rubuta, ko takardar ce ta gasu a bayan motar da ta kawo ta daga Jidda. Babu yadda za ta sani sai da sabon kwalin takarda.

"Ya duktura, bambancin ba yawa," in ji Fahad. "Abuki ne fa, mahaifinki."

"Na san ko wane ne. Ba zan sa hannu ba."

Ga Zulhajji ya kama, hanyoyi sun cushe, kuma wa ke ta kwalin takarda a Makka a irin wannan lokaci?

Da ta koma gida a unguwar Utaibiyya ta tarar da mahaifinta a tabarma yana haki.

"Baba, ni ce na hana."

"Ma'alesh, ba komai, ya binti 'yata. Aikinki ne. Miƙo min shayin can."

Ta so ya yi faɗa, bai yi ba.

Ranar jifan Shaiɗan ta biyu ya faɗi a matakala, bai ƙara tashi ba. Aka sallace shi a Harami cikin dubban alhazan da ba su san sunansa ba. Mata suka cika gidan suna cewa ya dace da wuri mai kyau. Murja ta riƙa zuba musu gahawa. Ta nemi kuka ta rasa.

Bayan alhazai sun watse kwalin ya iso. Ta yanki sabuwar takarda, ta ɗora ƙwayoyin, ta jira, ta duba.

Fahad ya leƙo. "Kef? Yaya?"

"Ƙwayoyin daidai suke. Waccan takardar ce ta lalace."

Ya dubi takardar. "Tun farko?"

"Tun farko."

Wani dattijo Bayamale na kwance a ɗakin aiki yana jiran nasa aikin. Murja ta lissafa masa tsawon zaman ƙwayoyin, ta sa hannu, ta ce a fara.