Babur a Bayan Shinge

Makaniken bai taɓa musun cewa yana da ƙyuyar tafiyar ƙasa ba. Sauran laifuffukansa yakan ɗora wa gwiwarsa ta hagu, amma wannan ya yarda nasa ne.

Aikinsa ɗaure noti da shafa giris a gindin ƙaton farantin ƙarfen nan mai sauraron sararin sama. Shi dai bai taɓa jin komai ba sai ƙugin injin da ke juya shi. Masana ne ke ji, su ma a takarda. Dokar wurin ɗaya ce: ba a kusantar farantin da injin fetur, domin tartsatsin fulogi yana shiga kunnensa kamar ihu. Kowa yakan bar abin hawansa a bakin ƙofa, ya taka kilomita biyu.

Shi kuwa sai ya gano wata ɓaraka a shingen baya. Kullum idan ya dawo daga cin abincin rana, yakan shigo da baburinsa ta nan, ya ɓoye shi bayan tankin ruwa, ya iso yana share gumin da bai yi ba.

Wata rana Farfesa, dattijuwar da ke shugabantar masanan, ta tare shi da doguwar takarda.

"Injiniya, zo ka ga abin da farantinka ya kamo." Ita kaɗai ke ba shi wannan muƙami. Ta nuna wani tsini a jikin layi. "Kusan kullum da rana tsaka yake zuwa. Ba mu san mai aiko shi ba."

"Ikon Allah, ranki ya daɗe," in ji shi.

Ya so ya daina shigowa da babur, amma idan tsinin ya ɓace ranar da ya fara takawa, ai ya tona kansa. Haka ya ci gaba, shekara huɗu, yana zuwa a kan lokaci kamar tauraro. Farfesa na ta rubutu, har ta shirya sanar da duniya a wani babban taro.

"Maigida, ka faɗa mata," in ji matarsa. "Ko so kake a sa wa tsohon baburinka suna a littafi?"

Saura kwana uku a yi taron, ya shiga ofishin Farfesa, ya faɗi komai, idonsa a kan takalminsa. Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

"Wane iri ne baburin?"

Ya gaya mata.

"Ba ma mai kyau ba ne," ta ce.

Ba ta kai shi ƙara ba. Ta janye takardarta, ta kwashe littattafanta a kwali kafin shekara ta ƙare. Shi kuma ya kai baburin wajen masu gwangwan aka narkar, ya koma takawa, gwiwar ta fara ciwon gaske. Bayan shekara biyar aka ce ta rasu. Ya je gaisuwa da ƙafa.

Ranar da zai bar aiki, wanda ya gaji Farfesa ya zaga da shi ɗakin na'urori don sallama. A kan allo makaniken ya ga layin ranar.

Baburin ya shekara tara da narkewa. Tsinin yana nan.