Tsibin Duwatsun Mohapi

Wasiƙa uku Puseletso ta rubuta kan magana ɗaya, ukun duka suna kwance a teburin kawunta, an danne su da gwangwanin shayi. Kawun nata Mokhele, wanda ake kira Ntate, wato baba, shi ne shugaban masu gadin gandun tsaunukan Maloti, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ita kuwa shekararta biyu da dawowa daga karatu a Maseru, babban birnin ƙasar, tana yi wa baƙi jagora: masu hawan dutse, masu kekuna, da masu zuwa zamiya kan dusar ƙanƙara a watan Yuli, lokacin hunturun ƙasar.

Maganar ba ta da tsawo. Kwazazzabai biyu ne ke gangarowa daga saman tsauni, ba ka bambanta su. Na gabas shi ne hanya, an yi masa alama da ɗan tsibin duwatsu tun kaka da kakanni. Na yamma kuwa yana gangara lafiya lau taku ashirin, sai dutse ya yanke, babu komai a ƙasa sai iska. A nan Mohapi, ƙanin Mokhele, ya faɗa yana neman tumakinsa. Bisa al'ada, duk wanda ya wuce inda mutum ya rasu sai ya ɗora dutse. Makiyaya sun ɗora, masu gadi sun ɗora, baƙi ma sun ga ana yi sun ɗora suna ɗaukar hoto. Cikin shekara goma sha biyu tsibin mamaci ya kai kafaɗa, na hanya bai wuce gwiwa ba.

Sandar ƙarfe mai jan fenti kawai Puseletso ta nema a kafa a bakin hanyar gaskiya. Har tsakanin tsibi biyun ta auna da ƙafarta, taku ɗari uku da arba'in.

"'Yar boko," in ji kawun, "kin auna tsauni da ƙafa? Saura ki auna sama da tsani. Ni ko idona a rufe na san hanya."

"Kawu, baƙon da ya zo jiya fa, shi ma ya sani?"

"Wa ya mutu tun bayan Mohapi? Gaya mini."

Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Sai an ɗauko gawa kafin a yarda akwai rami.

Ranar Asabar tsohuwar malamarta Limakatso, wadda ake kira Mme, wato uwa, ta zo gandun. Ta kalli matasa suna zamiya suna faɗuwa, ta ce ita ba za ta ɗaura katakon zamiya a ƙafa da tsufanta ba, a kai ta sama ta ga duniya. Mokhele ya yafa bargonsa ya ce har da shi, don ajinsu ɗaya da malamar a firamare.

"Ntate Mokhele, har yanzu da sauran gwiwa?" in ji malamar. "Ko sai mun goyo ka?"

"Mme, ke da kike nishi tun daga bakin mota?"

Da hantsi suka kai sama, suka ci burodi da naman tunkiya, rana tarwai. Azahar ba ta yi ba gajimare ya taso daga ƙasa ya rufe su ruf. Puseletso ta miƙa hannu, da ƙyar take ganin yatsunta. Dusar ƙanƙara ta fara zuba, ta shafe sawunsu. Wayarta ba ta kama komai ba.

Sun fi awa ɗaya suna lalube. Malamar ta daina zolaya, daga baya ta daina magana. Leɓenta ya yi baƙi, tana taka ƙafa kamar ba tata ba. Puseletso ta san wannan alamar: in ba su sauka cikin awa biyu ba, sanyi zai kwantar da matar nan, kuma ba za ta tashi ba.

"Ga shi nan!" Muryar Mokhele ta fito daga cikin farin. "Ban gaya muku ba? Ku biyo ni."

Tsibi ne, dusa ta binne yawancinsa, abin da ya rage a waje bai wuce gwiwa ba. Mokhele bai tsaya ba, ya wuce ya fara gangara. Puseletso ta ja hannun malamar ta tsaya. Ina ma da babban tsibin a gefe ta gwada! Amma tsibi ɗaya kawai ido ke gani, kuma shi kaɗai ba ya gaya maka babba ne ko ƙarami.

Ta durƙusa ta tona dusar da hannu. Yatsunta suka taɓa wani abu mai santsi. Ta jawo. Kofin tasa ne mai ruwan bula, bakinsa a ɓantare. Kofin Kawu Mohapi, wanda Mokhele da kansa ya cusa tsakanin duwatsun ranar da aka yi makoki.

"Kawu! Tsaya! Na Mohapi ne!"

Ba ta ganinsa. Ta ji ya ce, "Me kika..." sai ƙarar takalmi a kan ƙanƙara, sai wani gajeren nishi. Sandarsa ta buga dutse sau ɗaya. Suka saurara su ji ta sauka. Ba su ji ba.

"Kawu?"

Can sai wata siririyar murya, kamar ba tasa ba: "Ƙafafuna ba sa kan komai."

Suka bi muryar, Puseletso ta kwanta rub da ciki. Malamar, wadda ɗazu ba ta iya ɗaga ƙafa, ta zauna ta tokare wani dutse da duga-duganta, ta riƙe idon sawun Puseletso da hannu biyu. Puseletso ta ja ciki har ta hango baƙin bargo. Mokhele ya rungume wani tsinin dutse, daga ƙugu zuwa ƙasa yana lilo. Ta kwance igiyar jakarta ta jefa, ta wuce shi. Ta sake jefawa.

"In na saki hannu ɗaya, na tafi," ya ce.

"In ba ka saki ba ma ka tafi. Kama!"

"Mokhele, kai tsohon banza," malamar ta yi ihu tana kuka, "ka kama igiyar nan, ba zan iya zuwa jana'iza cikin wannan sanyi ba!"

Ya kama. Yadda suka jawo shi, Puseletso ba ta iya tunawa, sai dai fatar tafin hannunta da ta saɓule.

Suka zauna jikin tsibin suna haki. Ba wanda ya dubi wani. Sannan Puseletso ta tashi, ta sa gefen tsauni a hagunta, ta ce su riƙe rigarta. Ta nufi gabas, ta fara ƙirga taku da ƙarfi. Ɗari. Ɗari biyu. A ɗari uku da arba'in babu komai sai fari. A ɗari uku da hamsin da biyu ƙafarta ta yi tuntuɓe da wasu duwatsu uku da suka ɗan leƙo daga dusa.

Sai da suka tsaya ta lura kawun yana riƙe da dutse. Hannunsa ne ya ɗauka can baya don ya ɗora wa ƙaninsa, kamar kullum, bai ɗora ba. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sunkuya ya ajiye shi kan ƙaramin tsibin.

"Ranar Litinin," ya ce a hankali, "a kawo sandar ƙarfen."

"Gobe," in ji Puseletso. "Akwai baƙi goma sha huɗu gobe, Kawu."

Ta saɓa hannun malamar a kafaɗarta, suka fara sauka.