Hular Baba

Baba tsohon tela ne, mutumin da bai taɓa leƙa ƙofar gida da riga a yamutse ba. Ciwon daji ya ci ƙashin bayansa har shiga mota ta gagare shi, sai likita ta koma duba shi ta kiran bidiyo. 'Yarsa wadda yake kira Uwata ce ke riƙe wayar.

Inda gizo ke saƙar shi ne, maganin da zai kashe wannan raɗaɗi doka ta hana rubuta shi ta waya, sai in likita ta gani da idonta cewa majinyaci ba ya iya tashi. Shi kuwa gogan naka, da ya ji za a kira, sai ya ce a jingina shi da matashi, a miƙo masa hula. Ya cije, ya murmusa.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, likita. Alhamdu lillahi."

Ana kashe waya ya zube yana yaƙushin katifa.

Uwata ta kira likita a keɓe, har da rantsuwa. Likita ta ce, "'Yar'uwa, na yarda da ke. Amma ana naɗar kiran nan, ga mutum zaune da hularsa yana cewa da sauƙi. Ko ki kawo shi, ko in gan shi yadda yake."

Uwata ta roƙi Baba ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Uwata, in yi raki gaban baƙuwa? Allah ya kiyaye."

Wata safiya ciwon ya taso masa, yana murƙususu, ba riga ba hula, yana kiran sunan mahaifiyarsa. Uwata ta danna kira ta ɗaga wayar a kansa. Ya buɗe ido ya ga fuskar likita. Ya lalubi hula, hannu bai kai ba.

Kafin azahar magani ya iso. Baba ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba, ita kuwa ta zauna bakin gado tana kuka, don ta san abin da ta karya.

Ya rayu 'yan makonni babu raɗaɗi. Yana karɓar magani daga hannunta, ya ce an gode, kamar yadda ake gode wa ma'aikaciyar jinya. Kullum tana kasa kunne. Har ya cika bai ƙara ce mata Uwata ba.